Digirin koyon rubutun adabi: Kafin a tambayi sunan jami'a, a tambayi wa zai biya

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, tambaya ɗaya ce ke yawan zagayawa a zaurukan matasan marubuta na WhatsApp da Facebook: wace jami'a ce ta fi dacewa mutum ya nemi digiri na biyu a fannin rubutun adabi? A wannan tsakanin ne yawancin jami'o'in Amurka ke rufe karɓar takardun masu nema, shi ya sa hankali ke tashi. Wannan ya ce Iowa, wancan ya ce East Anglia, wani kuma ya turo jerin "makarantu goma da suka fi kowa" da ya tsinto a intanet.

Burin ba laifi ba ne. Amma a ganinmu ana ɗauko zancen ne ta wutsiya. Abu biyu irin wannan karatu ke bai wa marubuci: lokacin da zai zauna ya yi rubutu ba tare da tunanin cefane ba, da mutanen da za su karanta rubutun da idon basira su faɗa masa gaskiya. Makarantar da ta gaza ba da waɗannan, sunanta ba zai rubuta wa kowa littafi ba, komai girmansa.

Ga wanda bai san shi ba, digirin ya bambanta da wanda aka saba yi a sassan nazarin harshe da adabi. A can ɗalibi aikin wasu yake nazari, ya rubuta kundi a kan jigo ko salo. A nan kuwa kundin kammalawa shi ne littafin ɗalibin da kansa: ƙagaggen labari, ko tarin gajerun labarai, ko diwanin waƙoƙi. A Amurka ana kiransa MFA, yakan ɗauki shekara biyu ko uku. A Birtaniya MA ne, galibi shekara ɗaya.

Jami'ar Iowa ta kafa nata shirin a 1936, kuma shi ya zama abin koyi ga sauran, waɗanda a yau sun haura 200 a Amurka kaɗai. Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka kafa na Jami'ar East Anglia da ke Norwich a 1970. Ta nan Ian McEwan ya bi, haka ma Kazuo Ishiguro da ya ci kyautar Nobel a 2017.

Mai biyan ka da wadda kake biya

Shirye-shiryen nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke ɗauke wa duk ɗalibin da suka karɓa kuɗin makaranta, su kuma ba shi alawus na zaman gari. Akwai waɗanda ɗalibi ne ke zuba kuɗi. Wannan ratar ta fi duk wata rata da ke tsakanin suna da suna.

A kashi na farko akwai Iowa ɗin kanta. Akwai Cibiyar Michener ta Jami'ar Texas da ke Austin, wadda ke riƙe ɗalibi shekara uku ba tare da ta ɗora masa aikin koyarwa ba. Akwai Jami'ar Michigan, wadda wata attajira, Helen Zell, ta bai wa shirinta kyautar dala miliyan 50 a 2013. Akwai Cornell da ke ɗaukar mutum takwas kacal a shekara. Shiga irin waɗannan sai mai rabo, domin masu nema ɗaruruwa ne, kujerun kuma kaɗan.

A kashi na biyu sunan da aka fi ji shi ne Columbia ta birnin New York. Malamanta fitattu ne, tana kuma zaune a tsakiyar kasuwar littattafan Amurka. Sai dai kuɗin makarantarta na shekara ɗaya ya haura dala 60,000, tallafin da take bayarwa kuma ba ya isar kowa. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, naira miliyan 90 ke nan, ba a zo kan haya da abinci ba. A Birtaniya ma galibi ɗalibi ne ke biya, kuma a jami'o'i da yawa abin da ake cajin baƙo ya wuce fam 20,000.

Matsayinmu a nan ba shi da kwana-kwana: kada wanda ya ci bashi, ko ya sayar da gona ko gidan gado, don wannan digiri. Mai karatun likitanci ko injiniya yana iya sa ran albashin da zai biya bashi. Littafin adabi ba kasafai yake biyan ko kuɗin hayar mai shi ba, balle bashin dala da kuɗin ruwa a kansa. Marubutanmu da ke sayar da labari a waya naira 500 ko 1,000 sun fi kowa sanin haka.

A tuna kuma da abin da ya faru da naira. A farkon 2023 ana canjin dala a hukumance ƙasa da naira 500. Bayan an saki farashin a watan Yunin shekarar, sai ga shi a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashin dala kafin nan, bashinsa ya ninka uku yana zaune, bai ƙara cin ko sisi ba.

To, ko a cikin masu biyan ɗalibi sai an tona. Kalmar "cikakken tallafi" tana ɓoye abubuwa da yawa. A yawancin jami'o'in Amurka alawus ɗin ladan aiki ne: za ka koyar da 'yan ajin farko rubutun insha'i, ka duba takardunsu, ka ba su maki. Aji ɗaya a zango abu ne mai yiwuwa. Aji biyu kuwa, mai ɗalibai wajen ashirin kowanne, zai cinye lokacin da ka ƙetare teku domin shi. Sai ka dawo gida ƙwararren malamin insha'i, littafin yana babi na uku.

A tambaya: alawus ɗin na wata tara ne ko na goma sha biyu? Wurare da yawa ba sa biya a dogon hutun tsakiyar shekara, ga shi bizar ɗalibi ba ta yarda a yi aikin da aka ga dama a wajen makaranta ba, a cikinta ma awa 20 ne a mako lokacin karatu. Inshorar lafiya tana ciki? Akwai wasu ƙananan kuɗaɗen rajista da tallafin bai ɗauke ba? Nawa ne hayar ɗaki a garin? Kuɗin da zai riƙe mutum a ƙaramin gari irin Iowa City, a New York ko rabin wata ba zai kai shi ba.

Amsar waɗannan ba a shafin jami'a take ba, tana wurin ɗaliban da ke ciki. A nemi adireshin biyu ko uku, musamman baƙi 'yan Afirka, a rubuta musu. Akwai lokacin yin haka, domin jami'o'in Amurka da yawa sun amince a tsakaninsu cewa wanda aka yi wa tayin tallafi yana da har 15 ga Afrilu kafin ya ba da amsa. Wanda aka matsa wa ya amsa cikin kwana uku yana da hujjar yin tambaya.

Jerin gwanaye da batun biza

Game da jerin "waɗanda suka fi kowa", ga wani abin lura. Mujallar Poets & Writers ta Amurka ta taɓa fitar da irin wannan jeri. A 2011 malaman rubutu kusan 200 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna sukar yadda ake haɗa shi, domin ya dogara sosai kan ra'ayin masu neman shiga, mutanen da ba su taɓa zama a ajin ba. Daga baya mujallar ta daina jera makarantun daga na ɗaya zuwa ƙasa. Mafi yawan jerin da ke yawo a wayoyinmu ba su kai wancan inganci ba ma.

Neman kansa kuɗi ne. Kowace jami'a takan karɓi dala 50 zuwa 100 kafin ta buɗe takardarka. Dala 75 ta haura naira 100,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wasu jami'o'in suna yafe kuɗin in an roƙa, kuma babu abin kunya a roƙon. Gara a zaɓi huɗu ko biyar da aka bincika da kyau da a watsa takardu goma sha biyar.

In an dace, wasiƙar samun gurbi hangen Dala ce, ba shiga birni ba. Amurka na karɓar dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi da dala 185 na neman biza, kuma ba a mayarwa in an hana. A watan Yunin 2025 ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a watan Yuli kuma ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya. Dokokin sai ƙara sauyawa suke yi, don haka a duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin a biya wa kowace jami'a ko kwabo.

Birtaniya kuma tun Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu irin na zaman aji zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, inda mata ne suka fi yawa a fagen ƙagaggun labarai, da yawansu kuma da iyali. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Tallafin Chevening yana ɗaukar komai, amma yana neman shaidar aiki ta shekara biyu, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan an gama. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Faransanci suna da irin wannan digiri a Jami'ar Paris 8 da ta Le Havre, sai dai tun juyin mulkin 2023 hanyar Faransa ta yi wuya.

Su wa za su karanta?

Nan ne zancen ya fi nauyi, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Zuciyar wannan karatu ita ce zaman bita. Ɗalibai kamar goma su zauna da malami. Wanda layi ya zo kansa ya raba labarinsa mako guda kafin zaman. Ranar bita kowa ya faɗi abin da ya gani, kuma a tsohuwar al'adar Iowa mai labarin ba ya cewa uffan sai an gama. Hikimar ita ce, marubuci ba ya bin littafinsa gida-gida yana yi wa masu karatu bayani, don haka ya saba tun yanzu.

Tsarin yana da amfani. Amma a ƙaddara labarin a Kurna ko Damagaram yake faruwa, da kishiya a ciki, da lefe, da zaman takaba. Mutum tara da ke kewaye da teburin babu wanda ya taɓa jin ɗaya daga ciki. Wannan zai ce bai gane abin da ya hana matar fita ba. Wancan zai ce a ƙara bayani kan abincin. Wata za ta ce ta so a ƙara nuna wahala. Mai labari kuma an hana shi magana.

Mako ɗaya ba komai. Shekara biyu ana haka, hannu yakan karkata ba tare da mai shi ya sani ba. Sai a wayi gari yana fassara tuwo a tsakiyar jimla, yana tsayar da labari don ya bayyana mene ne azahar, yana zaɓar jigon da ya lura yana burge ajin. Littafin zai fito sumul, mai karatu a Kano kuma ya ji kamar da wani ake magana yana gefe.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Junot Díaz, wanda ya yi nasa digirin a Cornell, ya rubuta maƙala a 2014 kan yadda ya ji a ajin da kusan kowa farar fata ne. Matthew Salesses ya fitar da littafi a 2021 yana ƙalubalantar dokar shirun da ma abin da ake kira "rubutu mai kyau". Wasu makarantun sun gyara, mai labari yana iya buɗe zaman da nasa tambayoyin. Ya kamata mai nema ya san wane iri ne a inda yake nema.

A kuma karanta littattafan malaman kafin a nema, ko da biyu ne. Sannan a tabbatar fitaccen sunan da ke shafin jami'ar zai shiga aji a shekarar, domin da yawansu sukan tafi hutun rubutu, wasu kuma zango ɗaya suke koyarwa.

Kada a ɗauka muna rage wa shirye-shiryen daraja. 'Yan Najeriya da dama sun amfana. Chigozie Obioma da Uwem Akpan sun bi ta Michigan, Chinelo Okparanta ta Iowa, Ayobami Adebayo ta East Anglia. A can ake haɗuwa da editoci da dillalan da ke kai littafi ga manyan kamfanonin ɗab'i, abin da ba shi da sauƙi daga Gusau ko Maraɗi.

Amma a duba da kyau me suka je da shi. Helon Habila, ɗan Kaltungo a Jihar Gombe, sai da ya ci kyautar Caine a 2001 sannan ya tafi East Anglia, yanzu kuma shi ke koyar da fannin a Jami'ar George Mason. Chimamanda Adichie ta rubuta Purple Hibiscus tun tana digirin farko, kafin ta je Johns Hopkins. Abubakar Adam Ibrahim aikin jarida ya karanta a Jos, yana aiki a ɗakin labarai ya rubuta Season of Crimson Blossoms, ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Elnathan John lauya ne daga Kaduna. Dama abin da ke sa a ɗauki mutum shi ne samfurin rubutunsa, shafi 20 zuwa 40 na labari ko waƙoƙi kamar goma, ya fi sakamakon digirinsa nauyi nesa ba kusa ba. Wanda bai da waɗannan shafukan a hannu, lokacin nemansa bai yi ba.

Wanda kuma lokaci kawai yake buƙata, akwai hanyoyin da ba sa neman biza. Gidauniyar Miles Morland tana biyan marubutan Afirka alawus na shekara guda su zauna a gida su gama littafi. Gidan marubuta na Ebedi da ke Iseyin a Jihar Oyo yana ba da masauki na makonni.

Saura mai rubutu da Hausa

Duk abin da muka lissafa, kusan gaba ɗaya da Ingilishi ake yinsa, har da tallafin Morland. Marubuciyar da ta fitar da littafi goma da Hausa, take da dubban masu karatu, in ta zo nema sai ta ajiye su duka a bakin ƙofa ta kawo shafi talatin na Turanci. Wasu za su iya, su kuma ji daɗinsa. Amma a sani zaɓi ne babba: sauya harshe sauya masu karatu ne.

Ga mai harshe biyu akwai wata ƙofa da ba a cika kallo ba, wato digirin fassarar adabi, wanda Iowa da wasu jami'o'in ke bayarwa. Littattafan Hausa da suka shiga Ingilishi ba su da yawa. An san Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Mervyn Hiskett ya fassara a 1967, da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfanin Indiya, Blaft, ya buga a 2012. Filin a buɗe yake, kuma wanda ya je da Hausa a nan yana da abin da babu wanda yake da shi a ajin.

Sauran magana ta jami'o'inmu ce. Ba doka ba ce sai da Ingilishi. Iowa tana da MFA na Sifaniyanci. Jami'ar Texas da ke El Paso tana yi da harshe biyu. Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu tana karɓar rubutu da isiXhosa da Afrikaans. Hausa ta fi waɗannan biyun na ƙarshe yawan masu magana.

Abin ma ba baƙo ba ne a tarihinmu. Bayan gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, an ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Hukumar Talifi a Zariya na wasu watanni. Yana da abin zaman gari, yana da lokaci, yana da Rupert East da ke karanta abin da ya rubuta suna muhawara a kai. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce. Wannan a shekarun da Iowa ke kafa nata shirin ne.

Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo sun shafe shekaru suna yaye masu digiri na biyu da na uku a nazarin adabin Hausa, kundaye jibge a kan littattafan marubutan Kano da Kaduna. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ta nuna yawan masu hannu da ke jiran mai gyara. Muna kira ga waɗannan sassa su buɗe layin da kundinsa littafin ɗalibi ne, su ɗauko gogaggun marubuta su zauna a ajin bita ko da ba su da digirin digirgir, su kuma nemi TETFund da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin alawus. Ba sai an gina sabon bene ba. Ɗaki ɗaya da tebur, malami biyu da ɗalibai shida sun isa a fara shekarar farko.